Motar Masara Ta Riga Jirginmu Isa Legas

Zuwa ga Babban Manajan Kamfanin Jiragen Sama na Shamuwa,
ta hannun Edita.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran manya na hawa na sama, inda na ji an ce iska mai sanyi ba ta ɗaukewa ko na minti ɗaya. Ina gajiya? Ina fama da tsimin mai?

Sunana Kyaftin Bulus Audu, mutumin Mahuta a ƙasar Funtua. Ba lalle ka tuna fuskata ba, amma sa hannunka na kan takardar da ta dakatar da ni daga aiki, saboda haka ina ganin ba za a ce ba mu san juna ba. Na yi shekaru ina tuƙa jiragen kamfanin nan. Yanzu kuwa garma nake tuƙawa a gonar mahaifina, kuma in faɗa maka gaskiya, shanun suna tashi a kan lokaci.

Na so mu yi wannan magana a ɗaki, mu biyu. Na rubuto maka ta ofis, shiru. Na zo da ƙafata, sakatarenka ya ce ka yi tafiya. Da na tambaya da wane jirgi, sai ya sunkuyar da kai ya ce da na wani kamfani, saboda taron na da muhimmanci, ba ka so ka makara. Ban ga laifinka ba. Amma tun da haka ne, bari in yi maganar a jarida, inda masu sayen tikitinmu za su ji.

Na farko, maganar jadawalin aiki.

Akwai wani ofis a hedkwata da ke tsara wa matuƙa ranakun aikinsu. Mu a ɗakin hutun matuƙa ba mu da hirar da ta fi wannan. Kowa ya shigo, kafin ya ajiye hula, sai ya nufi allo ya ga inda ƙaddara ta jefa shi. Wani dattijo a cikinmu, wanda ya koya wa yawancinmu aiki, yakan ce mai tsara jadawalin nan bai yarda matuƙi na barci ba, ya ɗauka in mun sauka ana jingine mu ne jikin bango kamar tsani. Akwai ranar da aka sa mutum ɗaya ya tashi daga Kano kuma ya tashi daga Fatakwal a safiya guda. Da ya je ya yi ƙorafi, aka ce masa ya nuna kishin kamfani. Akwai abokin aikinmu da ya bar aiki ya koma kasuwanci, amma sunansa ya ci gaba da fitowa a allo har aka rubuta masa gargaɗi saboda rashin zuwa. Muna kuma lura da cewa tafiyar ƙasashen waje ta san mutanenta, kuma mutanen nan sun san hanyar gidan mai jadawali da sallah da kirsimeti. Ni ba ni da abin kai masa sai buhun masara, shi kuwa na ji ba ya cin tuwo.

Muna faɗin waɗannan abubuwa muna dariya, don in ba a yi dariya ba sai a yi abin da ya fi ta muni.

Na biyu, maganar tsimin mai.

A farkon shekarar nan ka aiko mana da umarni cewa ƙasa na cikin matsi, kowa ya tsuke bakin aljihu. Mun yarda, muna zuwa kasuwa mu ma. Umarnin ya ce kada a ɗauki mai fiye da abin da zai kai jirgi inda za shi da ɗan abin da doka ta tilasta. Ya kuma ce in jirgi na ƙasa a kashe ƙaramin injin da ke wutsiya. Don amfanin masu karatu, wannan ƙaramin injin shi ke ba fasinja iska mai sanyi kafin a tashi. In an kashe shi, jirgi ya zama gwangwani a rana.

Akwai kuma wata dabara da ba a rubuta ba amma kowa ya san ta. In an zuba fasinja an rufe ƙofa a kan lokaci, to, a rahoton da ake kawo maka jirgin ya tashi a kan lokaci, ko da tayarsa ba ta motsa ba. Shi ya sa nake jin daɗin karanta jawabanka. A cikinsu ba mu taɓa makara ba.

Na uku, abin da ya faru da ni.

Mahaifiyata ta rasu ina ƙarami. Ƙanwar mahaifina, Gwaggo Saratu, ita ta goye ni tare da 'yarta ɗaya tilo, Rifkatu. Ita ta sayar da akuyoyinta ta saya mini akwatin zuwa makarantar kwana. Rifkatu taubashiyata ce, ba ta taɓa kirana Kyaftin ba, sai direban sama. Ta auri wani soja, aka kai su Legas.

Cikin bazarar bana, ranar wata Talata, mijinta ya bugo mini waya gidana na Kaduna. Ya ce Rifkatu ta haihu, an yi mata aiki, jaririyar na lafiya amma uwar jikinta ya rikice, ba ta kiran kowa sai Mama. Ya ce ya riga ya aika gida ta hannun fastonmu. Ni ina da tashi a ranar, sai na tura direbana da mota ya ɗauko Gwaggo. Bai same ta a Mahuta ba. A tashar Funtua ya iske ta, ta riga ta shiga gaban wata babbar mota da ta yi lodin masara za ta kudu, ita da ƙanin mijinta, Baba Tanko. Direbana ya isar da saƙona: ta sauko, gobe da hantsi tana Legas, ni da kaina zan tuƙa ta.

Baba Tanko ya ce shi ba ya shiga abin da in ya lalace ba a iya turawa. Ya yi zamansa a motar masara. Gwaggo ta sauko da ƙullin kayanta, kanwa da daddawa da yajin mai jego. Ni na sa ta sauko, ranka ya daɗe, saboda na yarda da abin da ke rubuce a jikin tikitinmu.

A wannan Talatar ni da mataimakina, Malam Sani, mutumin Bakori, mun yi yini muna sama da ƙasa, ba mu ajiye jirgi ba sai da gari ya yi shiru. Mai jadawali ya sake sa mu tashin sassafe ranar Laraba. Muka zo, idanunmu kamar an zuba barkono. Aka zuba fasinja, jirgi ya cika, aka rufe ƙofa, aka janye matakala. A takarda mun tashi.

Sai muka duba kujerar injiniya, mutum na uku da ke zama tare da mu a gaba, babu kowa. Jirgin nan kuwa ba ya tashi ba shi. Muka kira manajanmu na Kaduna, wanda mu matuƙa muke kira Malam Yanzu-yanzu, don ba shi da wata amsa. Ya ce injiniya na hanya, yanzu-yanzu. Da muka matsa, sai ta bayyana injiniyan na Jos. Jadawali ya sa shi kwana can, ya kuma sa shi tashi daga nan. Zai zo a jirgin da zai biyo ta Kaduna, in shi ma an sami wanda zai tuƙa shi.

Na ce a dawo da matakala mutane su koma inuwa su jira. Manaja ya ce ba zai yiwu ba, an riga an aika Legas cewa mun rufe ƙofa. Na ce to zan kunna ƙaramin inji. Ya ce in tuna umarnin Babban Manaja.

Ka san bazarar ƙasarmu. Kafin rana ta take, kwaltar filin ta fara rawa a ido. Ni da Malam Sani muka buɗe 'yan tagoginmu, muna fifita da taswira. Malam Sani ya ce da ni da ya sani da ya bi shawarar mahaifinsa ya zama malamin gona, aƙalla su suna da bishiya. Na ce masa ya yi haƙuri, ai muna taimakon tattalin arzikin ƙasa. Ya ce in haka ne a daina tashi gaba ɗaya, kamfani ya sayar da tikiti, mutane su zo su zauna su yi gumi su koma gida, ba a ƙona ko ɗigo ba. Na roƙe shi kada ya faɗi wannan a hedkwata, don za a iya ɗauka.

Mu muna da taga. Na baya ba su da ita. Yara suka fara kuka, ruwan sha ya ƙare, masu hidimar fasinja suka jiƙe sharkaf. Wani alhaji ya tuɓe babbar riga, ya tuɓe ta ciki, ya zauna da singileti yana tambaya ko akwai wanda ya san laifin da muka yi. Duk wanda ya ɗaga murya, ni yake zagi, don muryata suke ji a lasifika. An bar jaki ana dukan taiki.

Can sai shugabar masu hidima ta ƙwanƙwasa ta ce wata tsohuwa na son ganina. Gwaggo ce, tsaye a bakin ƙofa, ƙullinta a ƙirji. Ba ta taɓa ganina a kujerar aiki ba. Ta dubi maɓallan nan da agogunan nan, sannan ta ce, “Bulus, ko wani abu ne ya lalace?” Na ce babu abin da ya lalace, Gwaggo. Ta ce, “To, me muke jira?” Na buɗe baki, sai na ji na ce mata yanzu-yanzu. Kamfanin nan ya koya mini yarensa sosai.

Bayan azahar wani dattijo ya sulale daga kujerarsa ya faɗi. A nan na daina neman izini. Na kunna ƙaramin inji, na ce a buɗe ƙofofi, na kira masu matakala na ce in ba su kawo ba, zan saki abin zamewa na gaggawa, su yi wa Legas bayani. Suka kawo. Mutane suka sauko suna layi kamar marasa lafiya, aka yayyafa wa dattijon ruwa ya farfaɗo. Na ƙona man kamfani, ban musa ba.

Injiniya ya iso wajen la'asar. Sai kuma aka ga man da ke cikin jirgi, wanda dama an auna shi kamar maganin ido, ba zai kai mu ba, tun da an ce hadari ya haɗu a hanya, sai an yi kewaye. Aka nemi ƙari. Mai sa hannu a ba da ƙarin ya tafi cin abinci da mabuɗin ofis. Kafin ya dawo, awannin da doka ta yarda matuƙi ya yi a bakin aiki sun ƙare mana, har mun ci na gaba. Ina kallon Malam Sani yana karanta layi ɗaya sau biyu bai sani ba. Ni ma da na rufe ido sai in ji ƙasa na juyawa.

Manaja ya zo da takarda ya ce in sa hannu cewa mun huta, mu tashi. Na ƙi. Sai ya ja ni gefe, ya sassauta murya, ya ce ya ji ƙanwata ce ba lafiya, ashe ba na son in kai mata uwarta? Wannan ita ce magana mafi ƙasƙanci da aka taɓa yi mini a wurin aiki. Na so in tashi, Allah ne shaida. Amma jirgin cike yake da iyayen wasu da 'ya'yan wasu, ga hadari a gaba, ga matuƙa biyu da ba su iya ƙirga yatsunsu. Na ce a kawo wasu matuƙan. Babu, mai jadawali bai ajiye ko ɗaya na ko-ta-kwana ba, wannan ma tsimi ne. Aka soke tafiyar.

Mai karatu zai ce me ya hana in sa Gwaggo a mota a lokacin. Na yi niyya. Manaja ya dafa ƙirji ya rantse cewa jirgin farko da asuba nata ne. Na auna tsohuwar da ta yini a tanda, na auna doguwar hanya cikin duhu, na sake yarda da kamfaninmu.

Da gari ya waye aka ce an cire sunana daga allo sai an bincike ni. Na shiga layi da Gwaggo a matsayin fasinja. Jirgin asubar kuwa an karkatar da shi ya kai tawagar wani babba na hedkwata ɗaurin aure. Ina fata an ɗaura lafiya. Mu ba mu tashi ba sai da rana ta raba. Na zauna kusa da ita a baya, inda ban taɓa zama ba, na ji yadda yanzu-yanzu ke sauka a kunnen wanda ke sauri.

Da muka fito a Legas, mutum na farko da na gani a wajen masu tarbar baƙi shi ne Baba Tanko. Ya yi wanka, ya canza riga. Mijin Rifkatu na tsaye a bayansa. Da Baba Tanko ya hango mu sai ya cire hula. Gwaggo ta tsaya cak, ta ajiye ƙullinta a ƙasa, ba ta tambayi kowa komai ba.

Daga baya Baba Tanko ya ba ni labari. Motarsu ta yi faci a hanya, direban ya tsaya ya yi barcinsa, ya yi sallolinsa, ya ci abinci, duk da haka sun shiga Legas da asubar Alhamis. Ya sami Rifkatu da ranta. Ta gane shi, ta tambayi Mama. Ya ce tana tafe a jirgin taubashinki. Wai sai ta yi ɗan murmushi ta ce, “Ashe da sauran jira.” Kafin hantsi ta cika.

Ba na cewa kai ka kashe ta. Kwana ya ƙare, likitoci sun yi iyakar ƙoƙarinsu. Abin da nake cewa shi ne akwai uwa da ta isa ta riƙe hannun 'yarta, ta ji abin da take son faɗa mata, kuma motar masara ta isa ta ba ta wannan. Jirginmu ne ya hana.

Bayan an yi jana'iza, Gwaggo ta ɗauki jaririyar za ta dawo da ita gida. Na ce zan nemo tikiti. Ta ce, “Bulus, ka bar ni da ƙasa.” Iyakar abin da ta faɗa ke nan a kan maganar, har yau. Ba ta zarge ni ba. Tana gaishe ni, tana aiko mini da fura gona. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na huɗu, binciken da aka yi mini.

Kwamitinka ya zauna a ɗaki mai sanyi har sai da na nemi a rage. Laifuffukana uku: na ƙona mai ba da izini ba, na sauke fasinja na ɓata wa kamfani lissafin tashi a kan lokaci, na ƙi bin umarnin manaja. Sun daɗe suna tambayata minti nawa ƙaramin inji ya yi yana aiki. Wani ma ya zo da na'urar lissafi. Ba wanda ya tambayi sunan dattijon da ya suma. Ba wanda ya tambaya yadda aka yi injiniya ya kwana Jos. Da na kawo maganar jadawali, shugaban kwamitin ya ce ba shi aka kawo su bincika ba. Mai jadawalin kuwa yana zaune a gefe, shi ke rubuta abin da ake faɗa.

An dakatar da ni. An dakatar da Malam Sani, wanda laifinsa kawai ya ce shi ma ya gaji. Malam Yanzu-yanzu, na ji an ƙara masa girma. Ina taya shi murna. Wannan ne abu na farko da ya taɓa zuwa da wuri a hannunsa.

Ga abin da nake roƙo, ranka ya daɗe.

A mayar da Malam Sani aikinsa. Yana da iyali, kuma ni ne kyaftin, ni na yanke shawara.

Ni ba na neman afuwa, don afuwa ta mai laifi ce. A sake zaman a fili, a kira fasinjojin ranar su faɗi abin da suka gani. Ina ba da shawara a yi zaman a cikin jirgi, a filin Kaduna, da azahar, ƙofa a rufe, bisa umarninka na tsimi. Ina tabbatar maka ba a taɓa kwamitin da zai gama aiki da sauri kamar wannan ba.

A kafa doka cewa jirgin da bai shirya tashi ba, ba a kulle mutane a cikinsa. A daina rubuta ya tashi sai ya tashi. A ajiye matuƙan ko-ta-kwana, a kuma ba mai jadawali hutu mai tsawo, ya gaji da karɓar gaisuwa. In kuma dole ne a yi tsimin mai, akwai motocin hedkwata da ke kai 'ya'yan manya makaranta da matansu kasuwa, a fara da su, a ga abin da za a samu.

Na ƙarshe ba na ofis ba ne. A garinmu in abu irin wannan ya faru a hannun mutum, ko ba da gangan ba, yakan zo ya tsuguna ya yi gaisuwa. Gidan Gwaggo Saratu na bayan coci, kowa ka tambaya zai nuna maka. Ba ta jin Turanci, saboda haka ba sai ka zo da jawabi ba. Za ta shimfiɗa maka tabarma, ta ba ka ruwa, ta miƙo maka yarinyar ka ɗauka. An sa mata sunan uwarta.

Ina yi maka addu'a Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana, Ya ba ka mashawarta masu faɗa maka gaskiya, Ya raya maka zuriya. Ranar da wani naka zai kira sunanka daga nesa, Allah Ya sa kana kusa da tashar mota.

Wassalam.

Naka a bakin aiki, ko da yake a gona,
Kyaftin Bulus Audu,
Mahuta.